Wa Ya Riga Wa Cikawa? Rabon Gado a Ƙasar Zurmi

A watan Yunin 2021, damina ta sauka, mutane sun duƙufa gona, 'yan bindiga bisa babura suka afka wa Kadawa da Kwata da Maduba da Ganda Samu da Saulawa da Askawa, duk a ƙaramar hukumar Zurmi. 'Yan sanda suka ce mutum 53 aka kashe. Shekara uku kafin nan, a Fabrairun 2018, an yi irin wannan ɓarna a Birane, aka binne mutum kusan arba'in. Jaridu suka buga adadi, gwamnati ta yi ta'aziyya, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, masu gaisuwa suka watse.

Daga nan ne ake shiga aikin da ba a bugawa a jarida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mamata ya bar wani abu: gona, rumbu, shanun huɗa, babur, bashin taki da bai biya ba, kuɗin da ya ba wani ajiya a kasuwar Shinkafi, mace da ciki, uwa tsohuwa. Wanda ya fita da fartanya a kafaɗa da niyyar dawowa kalaci ba ya tsayawa ya kira shaidu. Da wuya a ce ko mutum guda a cikinsu ya bar rubutu.

Idan lauya a Legas ko Ingila ya ce mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, nufinsa mamacin bai faɗi wanda zai ci dukiyarsa ba, don haka doka za ta zaɓa masa. A Zurmi maganar ba ta da wannan nauyin. Musulmi ba shi ne ke zaɓar magadansa ba tun farko, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Ayoyi uku na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, sun yanka wa kowa rabonsa, hadisai da littattafan Malikiyya suka cike sauran. Abin da aka bar masa ya yi wasiyya da shi sulusi ne kawai, shi ma ba ga mai gado ba sai in sauran magada sun yarda. Saboda haka in ka ce wa manomin Dauran ko na Gurbin Ɓore ya rubuta wasiyya, amsar da za ka ji ba ta wuce guda biyu: ko ya ce Allah ya riga ya raba, ko ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Ta farkon gaskiya ce. Sai dai gaskiyar ba ta kai inda yake zato ba, domin ayar ta faɗi kason kowa, amma ba ta faɗi ko gonar da ke bayan rafi tasa ce ko jingina ce a hannunsa ba.

Abin lura, hukuncin gadon kansa a bayan yaƙi ya sauka. Malaman hadisi sun kawo labarin Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi shahada a Uhudu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka. Matar ta kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka saukar da aya, aka umarci baffan ya ba yaran kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, ya riƙe abin da ya saura. Duk wanda ya zauna a gidan makoki a arewacin Zamfara cikin shekarun nan zai gane mutanen da ke cikin wannan labari. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu a jihar, yara 25,050 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 sun bar gidajensu. Wannan tun kafin Kadawa ke nan.

Lissafin ba shi ne wahalar ba

Ɗalibin da ya kai babin fara'ila a Risala ta Ibnu Abi Zaidin zai iya raba yawancin gadon ƙauye a bayan takardar siminti. Ana farawa da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya in akwai, abin da ya rage shi ne na magada. A ɗauka magidanci ya rasu, bayan an cire waɗannan dukiyarsa ta tsaya a naira 2,400,000. Ya bar mata biyu, mahaifiyarsa tana raye, da 'ya'ya maza shida, mata biyar. Sai a kasa dukiyar gida 24. Matan biyu su raba tumuni, gida uku, wato 300,000, kowace ta tashi da 150,000. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, gida huɗu, 400,000. Saura gida 17, kuma namiji yana ɗaukar rabon mata biyu: kowane ɗa 200,000, kowace ɗiya 100,000. Yayyen mamacin da ƙannensa ba su da ko sisi, domin ɗa namiji ya toshe su. Minti goma an gama.

To amma ƙara abu ɗaya a cikin misalin. Ka ce 'ya'ya mazan bakwai ne, babbansu yana gona tare da uban ranar da aka kawo hari, duka biyun aka kashe su, kuma wannan babban ɗa ya bar mata da yara huɗu. Yanzu rabon ya rataya ga tambaya guda: wa ya riga wa cikawa? In an tabbatar uban ya fara rasuwa, ko da tazarar numfashi kaɗan ce, to ɗan ya gaje shi, kasonsa ya gangaro ga matarsa da yaransa. In ɗan ne ya riga, uban ne zai ci sudusi a dukiyar ɗan, wannan sudusin ma ya koma cikin abin da sauran 'ya'ya za su raba. In kuwa ba wanda ya sani, Malikiyya sun ce ba gado a tsakaninsu, kamar waɗanda jirgin ruwa ya nutse da su ko gini ya faɗo musu: kowa magadansa rayayyu su gaje shi. Sakamakon biyun ƙarshe ɗaya ne ga yaran nan huɗu. Baffanninsu sun toshe su, ba su da komai a gonar kakansu, gonar da ubansu ya fi kowa zuba wa gumi.

Wa zai ba da wannan shaida? Wanda ya tsira a guje yake, bai waiwaya ba. Wanda ya ɓuya a cikin dawa ya ji harbi ne kawai. Masu ɗauko gawa sun zo bayan awanni, wani lokaci washegari. Malaman da suka rubuta babin nan suna tunanin haɗarin da ke faruwa sau ɗaya a shekaru masu yawa. A ƙasar Zurmi da Shinkafi ya zama tambayar da limamin ƙauye ke cin karo da ita a kai a kai.

A nan ne wasiyyar da ake gudu take da aiki. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba magaji ba ne muddin akwai baffa, kuma saboda ba magaji ba ne, ya halatta a yi masa wasiyya. A misalinmu tsohon yana da ikon ware har naira 800,000 ga waɗannan jikoki, ba mai ja da shi. Wasu ƙasashen Musulmi sun ga yawan wannan matsala suka mai da ita doka: Masar ta kafa wasiyyar dole ga irin waɗannan jikoki a 1946, Siriya da Maroko da Tunisiya suka bi, Pakistan kuma a 1961 ta ba su kason ubansu kai tsaye, abin da malamai da yawa can suka yi ta suka. Kotunan Shari'a na Nijeriya ba su bi wannan hanya ba. A nan in kaka bai furta ba, sai abin da tausayin baffanni ya bayar. Wani ya bayar da yawa, ya riƙe yaran kamar nasa. Wani ya ce shekarar ta yi tsanani. A ganina duk dattijon da ya binne ɗansa ya dawo gida ya tarar da jikoki a tsakar gida, ranar ce ya kamata ya kira mutum biyu ya faɗi abin da ya ba su, kada ya jira ciwo.

Kuma faɗin yana da ƙa'ida. Malikiyya ba sa zartar da takardar da aka tsinta a ƙarƙashin katifa don kawai an gane rubutun mamacin, matuƙar bai kafa shaidu a kanta ba ko bai ce a zartar ba, domin mai yiwuwa ya rubuta ne yana shawara sannan ya fasa. Haka kyauta: in uba ya ce ya ba ɗiyarsa gona amma ya ci gaba da nomanta har ya kwanta ciwon ajali, ita ba ta karɓa ta riƙe ba, kyautar ta faɗi, gonar ta koma gado. Rigingimu da yawa a kotu daga nan suke tasowa, daga "ai Baba ya ce" da babu wanda ya ji sai mai faɗa.

Wanda ba a ga gawarsa ba

Wanda aka binne, an san matsayinsa. Mafi nauyi shi ne wanda aka kora daji, ko aka tare a hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ko ta Gurbin Ɓore zuwa Jibiya, aka yi ciniki a waya sau biyu sau uku, sannan lambar ta daina shiga. Wata shida, shekara, shekara biyu. Wani da aka sako ya ce ya gan shi ba shi da lafiya a wajen Dumburum. Wani ya ce ya ji an ce ya rasu. Matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba, 'ya'yansa ba su san ko su marayu ne ba.

Fiƙihu ya kira shi mafƙudi, kuma Muhtasar na Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka fi jingina da shi, ya rarraba shi gida-gida. Wanda ya ɓace haka kawai a ƙasar Musulmi, matarsa za ta kai ƙara, a bincika, in an rasa labarinsa a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta iya aure. Amma dukiyarsa ba a raba ta a lokacin. Sai an kai shekarun da ake ganin tsaransa sun ƙare, wanda mafi shahara shekara saba'in ne daga haihuwarsa, wasu suka ce saba'in da biyar ko tamanin. Wanda aka san kamammen yaƙi ne, hukuncinsa ya fi tsauri, domin ana ɗaukarsa rayayye har zuwa waɗannan shekaru, matar ma tana nan a matsayin matarsa muddin akwai abin ciyar da ita a dukiyarsa. Wanda kuwa aka gan shi a fagen faɗa tsakanin Musulmi da Musulmi sannan aka rasa shi, da faɗan ya lafa ana ɗaukarsa ya mutu, matar ta yi takaba, a raba gado.

Yanzu a wane gida za a sa manomin da aka ɗauke a gonarsa a Moriki? Kamamme ne, ko ɓatacce, ko wanda ya faɗi a fagen fama? Amsar tana iya sa a raba gonarsa bana, tana iya sa a jira shekara talatin in yana ɗan arba'in. Dokar shaida ta tarayya ta 2011 tana da nata ma'auni, shekara bakwai ba labari sai a ɗauka mutum ya mutu, kuma da shi Babbar Kotu da banki suke aiki. Ga mace ɗaya, ga miji ɗaya, ga agogo uku suna tafiya daban-daban. Ita dai tana da wata ƙofa da fiƙihun ya buɗe mata, ta neman a raba auren saboda rashin ci da sha ko cutuwa, wadda ba ta buƙatar jiran shekara huɗu. Sai dai wadda ta fita ta wannan ƙofa, in idda ta cika, ta fita daga gadon ma. Zaɓi ne tsakanin tuwon yau da tumunin da ba a san ranarsa ba.

Har ila yau shi mafƙudin yana iya zama magaji. In mahaifinsa ya rasu yana daji, dole a ajiye kasonsa har a san halinsa. Haka in mamaci ya bar mace da ciki: a Malikiyya ana dakatar da rabon gaba ɗaya sai ta haihu, domin jaririn yana iya sauya lissafin kowa. In namiji ne ya zo da rai, baffannin da suke shirin cin saura bayan 'ya'ya mata sun tashi a tutar babu.

Me ya bari, me ake bin sa?

Ko an san wanda ya mutu da lokacin da ya mutu, saura a san abin da za a raba. Dukiyar ƙauye ba a takarda take ba, a ƙwaƙwalwar mutane take. Iyakar gona tsohon da ya ga an dasa aduwar nan shi ya sani. Wace saniya ce ta maigida, wace ce ya ba ɗansa tun ranar suna, wace ce ta matarsa da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, makiyayin da ke riƙe da su ya sani. In garin ya watse, wasu suna Ƙaura, wasu Gusau, wasu sun ƙetara Gidan Runji a jihar Maraɗi, to kundin ne ya watse. Shanun kuwa sau da yawa an kore su tun daren farko, sai dai a raba labarinsu.

Sai bashi, wanda yake gaba da gado. Kwamitin Muhammad Abubakar da aka ambata ya ce an biya fiye da naira biliyan uku na fansa a kan mutum 3,672 a wancan tsakani. Waɗannan kuɗi ba daga sama suka faɗo ba. An sayar da hatsi, an jinginar da fadama, an zaga dangi da kwano. Bayan shekara biyu wanda aka fanso ya rasu, ko kuma an biya ba a sako shi ba, sai wani ya taso ya ce dubu ɗari ukun da ya bayar rance ne, magada su ce gudummawa ce. A ranar da ake harhaɗa kuɗin ba wanda ke da zuciyar tambayar wanne ne. Halilu ya taɓo wannan ma: wanda ya fanshi kamamme yana da ikon bin sa abin da ya kashe in ba sadaka ya nufa ba, amma an keɓe miji da mata da muharramai, waɗanda ake ɗauka sun yi don zumunci sai in da sharaɗi. Hukuncin a fili yake. Niyyar da aka yi a daren firgici ce ba ta da shaida.

Akwai basussukan da ake mantawa da gangan. Ragowar sadakin da ba a cika ba bashi ne, a cire wa matar kafin a fara kasafi. Akuyoyinta da gadonta da kwanukanta ba sa cikin dukiyar miji, kuma in an yi gardama a kan kayan gida, abin da aka saba na mata ne ana bar mata da rantsuwa. Hatsin da ta ranta wa maigida da bazara daga nata rumbun bashi ne, ko da ba ta taɓa tambaya ba don kunya.

Gonar da aka gudu aka bari ita ma tana tara rigimar gobe. Wanda ya zauna, ko ya fara komawa, ya ga fili ya noma. A Malikiyya akwai hauzi: in bare ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki a cikinta, mai ita yana nan yana gani bai ce uffan ba, ƙararsa ba ta da ƙarfi bayan nan, tsakanin dangi kuwa sai an kai wajen shekara arba'in. Sharaɗin shi ne mai ita yana nan kuma ba abin da ya hana shi magana. Wanda tsoro ya kora ba a lissafa masa wannan shiru. Amma yaron da aka goya aka fita da shi daga ƙauye a 2018, in ya dawo da gemu neman gonar ubansa, sai ya kawo wanda ya san iyakarta, kuma tsofaffin suna ƙarewa a garuruwan da ba nasu ba.

"A bari ƙura ta lafa"

Yawancin abin da mata da marayu ke rasawa ba a wurin lissafi suke rasa shi ba, a wurin jira ne. An yi arba'in, wata ta yi ƙarfin hali ta aika a tambaya, sai wan mamaci ya amsa da harshen da kowa ya sani a yankin: "Haba amarya, mi za a raba yanzu? Ɗiyan ƙanena ai ɗiyana na. A bari su girma." Ba lallai mugunta ce ta sa ya faɗa ba. Gandu in an yanka shi gida goma sha ɗaya ba ya ciyar da kowa, kuma shi ne zai ci gaba da auna musu hatsi. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta kan karkarar Hausa a 1972, ta lura da yadda gandu ke wargajewa bayan mutuwar uba, kuma tsoron wannan wargajewa gaskiya ne har yau.

Sai dai jira yana da ci. Matar ta gama takaba ta koma gidansu ko ta yi aure, tumuninta ya zama abin kunyar tambaya. 'Ya'ya mata aka aurar da su wasu garuruwa, aka riƙa aika musu da kwanon gero da kaka a madadin gona, har aka daina. Wani magajin ya mutu kafin a raba, kasonsa ya shiga hannun nasa magadan, wani ma ya bi shi. Malamai suna kiran wannan munasaha, kuma gadon da za a gama a minti goma ya koma aikin kwana uku da mutum arba'in, rabinsu ba sa ga maciji. Ita kuwa ɗiya mace ba ta buƙatar wata sabuwar doka. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo da ke hana ɗiya gadon ubanta. Ɗiyar Zurmi tana da nata kaso a rubuce ƙarni goma sha huɗu. Karɓarsa daga hannun yayanta ba tare da an ce ta tsinka zumunci ba, shi ne aikin.

Wannan kuka ba sabo ba ne a ƙasar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado. A zamanin En'e kuma kotun alƙali tana cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, daga gadon da ta raba, ya shiga baitulmali. Mutane suka koyi ɓoye rabo daga hukuma, suka fi son a kira malami a zaure a gama a rufe. Halin ya zauna. Har gobe akasarin gado a zaure ake raba shi, gaban liman da mai unguwa da dattawan dangi, sai ya gagara ake hawa sama.

Hawan kuwa yana da tsani. Tun da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, tsofaffin kotunan yanki suka koma kotunan Shari'a, amma gado dama can yana hannunsu tun zamanin alƙalai. Daga ƙaramar kotu sai babba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya a Sakkwato, sai Abuja. A takarda tsanin lafiya lau yake. A ƙasa kuwa, alƙali yana bukatar a je a ga gonar a auna, kuma akwai gonakin da ba mai zuwa. Matakin ƙasa ma ya girgiza: bayan harin Kadawa gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da Sarkin Zurmi Atiku Abubakar, ta tuɓe shi a Afrilun 2022 bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ko mene ne gaskiyar zargin, talakan da ke neman wanda zai tsaya masa a kan iyakar gona ya ga rumfar da yake fakewa tana rawa.

Kuɗin da ke cikin waya

Wani sabon nau'in dukiya ya shigo wanda Halilu bai san shi ba. Saboda tsoron tafiya da tsabar kuɗi, ɗan kasuwar hatsi da mai shagon POS da dillalin dabbobi sun koma ajiya a banki da OPay da Moniepoint. Lambar sirri tana kansa shi kaɗai. In ya faɗi, wayar ma sau da yawa tana hannun waɗanda suka kashe shi. Magada ba su san asusu nawa ne ba, balle abin da ke ciki. Mutanen yankin sun ɗanɗana yadda wannan dukiya ke ɓacewa a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma hana cin kasuwannin mako.

Ko an san asusun, banki ba ya sakin kuɗi don liman ya raba. Yana neman takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Ga wanda aka binne cikin gaggawa tare da mutum ashirin, takardar farko ma aiki ce. Sannan akwai kuskuren da ya yaɗu har cikin ma'aikata, malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma: zaton cewa sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa shi ne mai kuɗin. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai. In ya karɓa, amana ya karɓa, sai an raba ta ga magada kamar sauran dukiyar. In kuɗin kaɗan ne, kuɗin mota zuwa Gusau sau uku da haɗarin hanya sun cinye su, sai a haƙura, su kwanta a asusun har shekara goma ta cika a mayar da su ajiyar Babban Banki.

Akwai masu ilimin boko da ke ganin mafita ita ce wasiyyar lauya. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa wadda ta taso daga Zariya, Kotun Ƙoli ta ce Musulmi yana iya raba dukiyarsa yadda ya so a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ta rushe hukuncin Mai Shari'a Muhammad Bello wanda ya ce dokar Malikiyya ce ke bin mamacin. Hukuncin bai yi wa Musulmi daɗi ba, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin Shari'a. A Zurmi ba wanda ke neman wannan 'yanci, kuma ɗan da aka ce ubansa ya hana shi gado da takardar lauya zai ga abin kamar tsinuwa ce.

Takardar da ta dace da mutumin Kwashabawa ko Mashema ba ta kai haka tsada ba. Hadisin Ibnu Umar ya hori mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta a rubuce, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Shafi ɗaya ne na littafin 'yan makaranta, da boko ko da ajami: gonaki da maƙwabtan kowace, wadda ke jingina da nawa, wanda ake bi da wanda ke bi, dabbobin da ba nasa ba, sunan banki, abin da ya ware wa jikoki, da wanda ya amince ya riƙe wa ƙanana kasonsu. Mutum biyu su ji su sa hannu. Sai dai a ƙasar da ake cinna wa rumbu da ɗaki wuta, ajiye ta a cikin akwati daidai yake da rashin rubuta ta, kuma shaidun biyu in garinsu ɗaya da shi suna iya tafiya rana ɗaya da shi. Kwafi ɗaya yana bukatar ya kwana a wani gari, wurin ɗiyar da ke aure a Ƙaura ko ƙanen da ke dako a Gusau, ɗaya daga cikin shaidun ma gara ya zama na can.